Daga Bulala Zuwa Lada: Tarihin Horar da Ƙaramin Kare Sifaniyel

Kalmar horo tana ɗauke da ma'ana biyu a Hausa. Idan aka ce an yi wa yaro horo, mai sauraro zai fahimci an hukunta shi. Idan kuwa aka ce ma'aikaci ya samu horo, sai a fahimci an koya masa aiki. Harshe ya haɗa hukunci da koyarwa a kalma guda, tamkar ba a samun ɗaya sai da ɗayan. Turawan Ingila ma sun daɗe a kan wannan tunani. Har zuwa farkon ƙarni na 20, kalmar da suka fi amfani da ita wajen koya wa karen farauta aiki tana nufin karyawa, wato a karya taurin kan dabba har ta miƙa wuya.

A yau manyan ƙungiyoyin likitocin dabbobi na Turai da Amurka suna ba da shawarar akasin haka: a koya wa kare biyayya ta hanyar ba shi lada a duk lokacin da ya yi daidai, a bar duka da shaƙewa da tsoratarwa. Sauyin ya ɗauki ƙarnoni, kuma tausayi kaɗai bai kawo shi ba. Hanya mafi sauƙi ta ganin yadda ya faru ita ce bin sawun wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa da ake kira sifaniyel, domin shi ne karen da Turawa suka daɗe suna kafa hujja da shi cewa duka yana haifar da ƙauna.

Karen fada da karen kurmi

Sunan sifaniyel ya shigo Ingilishi daga tsohon Faransanci, kuma ma'anarsa na Sifaniya, saboda a wancan zamani an ɗauka daga can irin ya fito. A 1570 John Caius, wani mashahurin likita a Ingila, ya rubuta ɗan littafi da Latin kan karnukan ƙasarsa, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1576. A ciki ya bambanta sifaniyel masu farauta a tudu da masu shiga ruwa, sannan ya ambaci wani ƙarami da matan attajirai ke ɗorawa a cinya, wanda aikinsa kawai ɗebe kewa.

Wannan ƙaramin shi ne ya yi suna a fadar Sarki Charles na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1660 zuwa 1685. Sarkin ya shaƙu da karnukansa har abin ya zama abin magana. Samuel Pepys, wani jami'in rundunar ruwa da ya bar kundin tarihin rayuwarsa ta yau da kullum, ya yi ƙorafi a 1667 cewa sarki yana wasa da karensa alhali ana tsakiyar zaman majalisa. Daga nan irin ya samu sunan sarkin. Da tafiya ta yi nisa, masu kiwo suka riƙa zaɓar masu gajeren hanci, har kamannin asali ya kusa ɓacewa. A 1926 wani Ba'amurke mai suna Roswell Eldridge ya sa kyautar fam 25 a bikin nunin karnuka na Crufts ga duk wanda ya kawo sifaniyel mai dogon hanci irin na tsofaffin zane-zane. Daga wannan yunƙuri aka samu irin da ake kira Cavalier King Charles, wanda aka kafa wa ƙungiya a 1928, hukumar rajistar karnuka ta Birtaniya kuma ta amince da shi a 1945. Nauyinsa bai cika wuce kilo 8 ba.

Ɗan'uwansa na kurmi shi ne Cocker, wanda ya samo suna daga wani tsuntsu mai dogon baki da ake farautarsa da shi. A ƙarshen ƙarni na 19 ana ware shi daga sauran sifaniyel da ma'aunin nauyi: wanda bai wuce kimanin kilo 11 ba shi ne Cocker. Aikinsa yana da wuya fiye da yadda ake zato. Ana son ya kutsa cikin sarƙaƙiya da dukkan ƙarfinsa yana bin wari, amma kada ya yi nisan da harsashi ba zai kai ba. Da zarar ya tayar da tsuntsu, dole ya zauna nan take, a daidai lokacin da jininsa ke ingiza shi ya bi. Idan tsuntsun ya faɗi, sai ya jira izini, ya ɗauko shi a baki ba tare da ya tauna ba, ya miƙa wa ubangidansa. Wanda ya karanci babin farauta a littattafan fiƙihu zai ga kamanni a nan, domin malamai sun siffanta karen da aka koyar da cewa shi ne mai tafiya idan an sake shi, mai tsayawa idan an hana shi, wasu kuma suka ƙara da cewa ba ya cin abin da ya kama. Tambayar da ta dami masu karnuka a ko'ina ita ce ta yaya ake kai dabba ga wannan matsayi.

Zamanin karyawa

Amsar da ta fi yaɗuwa a Ingila ita ce bulala, kuma sifaniyel ne aka mayar shaidarta. An lura cewa idan aka doke shi ba ya gudu kuma ba ya cizo. Sai ya kwanta, ya ja ciki zuwa ƙafar wanda ya doke shi, yana kaɗa wutsiya yana lasar hannu. Daga nan ya zama abin misali a adabinsu. A wani wasan kwaikwayo na Shakespeare na shekarun 1590, wata budurwa da saurayi ke wulaƙantawa ta kwatanta kanta da sifaniyel, mai ƙara manne wa mutum gwargwadon yadda aka doke shi. Akwai ma wani tsohon karin magana nasu, mai muni ƙwarai, da ya jera sifaniyel da mace da wata itaciya a matsayin abubuwan da duka ke gyarawa. Wannan ya nuna cewa maganar ba ta tsaya a kan kare ba. Ra'ayi ne game da yadda mai ƙarfi ke samun biyayya daga wanda ke ƙarƙashinsa.

Masana halayyar dabbobi na yau suna fassara wannan ɗabi'a daban. Kwanciya da sunkuyar da kai da lasar baki da kaɗa wutsiya ƙasa-ƙasa alamu ne da kare ke nunawa don ya kwantar da fushin wanda yake tsoro. Roƙon sassauci ne. Mutanen wancan zamani sun ga tsoro suka kira shi ƙauna, kuma da yake karen ba ya ramawa, babu abin da ya tilasta musu sake dubawa.

Duk da haka, tun a lokacin akwai waɗanda suka ƙi yarda. A 1848 wani hafsan sojan Birtaniya, W. N. Hutchinson, ya fitar da littafi kan koyar da karnukan farauta. Ko da yake ya riƙe tsohuwar kalmar karyawa a sunan littafin, kuma bai haramta hukunci gaba ɗaya ba, ya soki zafin hannun masu horarwa, ya ba da shawarar a fara darussa a gida inda babu abin da zai ɗauke wa kare hankali, a riƙa saka masa da ɗan abinci. A Amurka, S. T. Hammond ya wallafa nasa a 1882, ya kuma sa bambancin koyarwa da karyawa a cikin sunan littafin kansa. Shawararsa ita ce yabo da ɗan yankan nama a duk lokacin da ɗan kwikwiyo ya yi abin da ake so. Ke nan koyarwa da lada ba sabon abu ba ne. Abin da waɗannan mutane suka rasa shi ne bayanin dalilin da ya sa hanyarsu ke aiki, don haka aka ɗauke ta a matsayin halin mutum mai sanyin zuciya, maimakon ilimin da kowa zai iya koya.

Lokacin da bariki ya shigo gida

Ƙarni na 20 ya zo da tsari, amma tsarin daga bariki ya fito. A Jamus, Konrad Most, wanda ya fara da horar da karnukan 'yan sanda kuma ya jagoranci aikin karnukan soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya wallafa littafinsa a 1910. Most mutum ne mai kaifin lura. Ya fahimci cewa kare ba ya tunanin laifi da cancanta irin na mutum, yana haɗa aiki ne da abin da ya biyo bayansa nan take. Sai dai ginshiƙin hanyarsa tilastawa ce: a matsa wa kare har ya yi abin da ake so, sannan a sassauta. An fassara littafin zuwa Ingilishi a 1954.

A Amurka an fara gasar biyayya ta karnuka a 1933, hukumar karnukan ƙasar ta amince da dokokinta a 1936. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mutane da yawa da suka koyi aikin kare a soja suka dawo gida suka buɗe azuzuwa. Mafi shahara a cikinsu shi ne William Koehler, wanda ya horar da karnuka wa kamfanin fina-finai na Walt Disney, ya kuma fitar da littafinsa a 1962. Babban makaminsa sarƙar shaƙewa ce, wadda ke matse wuyan kare idan aka fizgi igiya. A Birtaniya, Barbara Woodhouse ta shiga gidajen miliyoyin mutane ta talabijin na BBC a 1980, da fara'a da yawan yabon karnuka, amma da sarƙar a hannunta.

Sakamakon shi ne hanyar da aka tsara don manyan karnukan sintiri masu kilo 30 ko fiye ta zama abin da ake yi wa ɗan karen falo. Kuma saboda wuyan ɗan kwikwiyo ba zai jure fizga ba, azuzuwan suka saba ƙin karɓar kare sai ya kai wata shida.

Abin da aka gano a ɗakin gwaji

A daidai wannan lokaci wani ilimi na daban yana tasowa a jami'o'i, ba tare da masu karnuka sun sani ba. A 1898 Edward Thorndike, ɗalibi a Jami'ar Columbia da ke Amurka, ya riƙa sa kyanwa mai jin yunwa a akwati, ya ajiye abinci a waje. Ƙofar ba ta buɗuwa sai an ja igiya ko an taka wani ɗan katako. Da farko kyanwar takan yi ta kokawa har ta taɓa abin bisa tsautsayi. Da aka maimaita, lokacin fitarta ya riƙa raguwa sannu a hankali. Daga nan ya fitar da ƙa'idarsa: aikin da sakamako mai daɗi ya biyo bayansa yakan ƙarfafa, wanda sakamako mara daɗi ya biyo yakan raunana. A farkon shekarun 1930 ya gyara rabin ƙa'idar da kansa, bayan gwaje-gwajensa sun nuna masa cewa ƙarfin hukunci wajen goge ɗabi'a bai kai ƙarfin lada wajen dasa ta ba.

B. F. Skinner ne ya ɗora a kan wannan. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana aikin koya wa tattabaru jagorantar makami mai linzami, a saman benen wani kamfanin fulawa a birnin Minneapolis. A 1943, shi da abokan aikinsa Keller Breland da Norman Guttman suka so su koya wa wata tattabara ture ƙwallon katako da baki. Sun daɗe suna jiran ta yi aikin cikakke don su saka mata, ba ta yi ba. Sai suka fara ba ta hatsi a kan duk abin da ya yi kama da shi: kallon ƙwallon, matsowa kusa, taɓa shi. Cikin 'yan mintoci tattabarar ta iya. Darasin shi ne ba a jiran cikakken aiki. Ana gina shi ne mataki-mataki.

Sauran matsala ɗaya ce, wato lokaci. Idan lada ta makara ko da 'yan daƙiƙoƙi ne, dabba takan haɗa ta da wani abin daban. Maganin ya fito daga binciken Ivan Pavlov na Rasha, wanda ya nuna cewa sautin da ake haɗawa da abinci a kai a kai yakan ɗauki ma'anar abincin. A 1951 Skinner ya rubuta maƙala a mujallar Scientific American yana koya wa jama'a yadda za su gwada a kan karensu na gida, da ɗan abin wasan yara na ƙarfe mai ƙara ƙwas idan an danna. Da farko a haɗa ƙarar da abinci har kare ya gane, sannan a yi amfani da ita wajen nuna masa ainihin daƙiƙar da ya yi daidai.

Keller Breland da matarsa Marian suka bar jami'a suka mayar da abin sana'a, suna horar da kaji da aladu da sauran dabbobi don tallace-tallace da wuraren nishaɗi. Su ne kuma suka gano iyakar hanyar. A wata maƙala ta 1961 sun ba da labarin aladun da suka koyi ɗaukar kuɗin katako su jefa a asusu, amma da kwanaki suka ja sai suka koma tura kuɗin da hanci a ƙasa kamar masu tonon saiwa, ko da hakan na jinkirta musu abinci. Hali zanen dutse. Wannan gargaɗi ya shafi sifaniyel kai tsaye, domin babu yankan naman da zai cire masa son bin tsuntsu.

Icce tun yana ɗanye

Sifaniyel da kansa ya shiga ɗakin gwaji a garin Bar Harbor na jihar Maine a Amurka. John Paul Scott da John Fuller sun shafe shekara 13 suna nazarin iri biyar na karnuka, suka wallafa sakamakon a 1965. Cikin biyar ɗin akwai Cocker, akwai kuma Basenji, wanda asalinsa tsakiyar Afirka ne. Sun samu Cocker ya fi sauran sauƙin koyon zama shiru a wuri ɗaya, abin da ya dace da tarihin aikinsa, yayin da Basenji ya fi tirjewa idan aka sa masa igiya.

Babban abin da suka gano ya shafi shekaru. Tsakanin mako uku zuwa kimanin mako 12 na rayuwa akwai wani ɗan lokaci da kwikwiyo ke koyon wane ne nasa da abin da ba abin tsoro ba ne. A wani gwaji da aka wallafa a 1961, an bar 'yan kwikwiyon Cocker da Beagle a fili mai shinge tare da uwayensu, ana ɗebo wasu a makonni daban-daban don su saba da mutum. Waɗanda ba su haɗu da mutum ba har mako 14 sun tashi masu tsananin tsoro, kuma gyaransu ya yi wuya ƙwarai. Ke nan dokar jiran wata shida tana zubar da lokaci mafi tsada a rayuwar kare.

Wanda ya ɗauki wannan ilimi zuwa ga jama'a shi ne Ian Dunbar, likitan dabbobi ɗan Birtaniya da ke bincike a Jami'ar California da ke Berkeley. A farkon shekarun 1980 ya buɗe azuzuwan 'yan kwikwiyo, babu sarƙa, sau da yawa ma babu igiya. Hanyarsa mai sauƙi ce har yaro zai iya. A riƙe ɗan abinci a gaban hancin kwikwiyo, a ɗaga shi sama zuwa bayan kansa. Yana bin abincin da ido, sai gindinsa ya sauka ƙasa da kansa. A nan take a ba shi. Bayan an maimaita, a sa kalmar umarni a gaba, a cire abincin daga hannu. A 1993 ya kafa ƙungiyar masu horar da karnukan gida, wadda ta taimaka wajen yaɗa tsarin.

Ta wani ɓangaren kuma Karen Pryor ta zo daga teku. A shekarun 1960 ta horar da dabbar ruwan nan da ake kira dolfin a wani wurin nishaɗi a Hawaii, da usur da bokitin kifi. Ba a sa wa dolfin igiya, kuma idan aka ɓata masa rai sai ya yi iyo ya tafi abinsa, don haka duk biyayyar da aka samu daga gare shi da yardarsa ce. Littafinta na 1984 ya bayyana ƙa'idojin da harshe mai sauƙi. Daga 1992 ita da Gary Wilkes suka fara tarukan koyar da masu karnuka amfani da ɗan ƙarfen nan mai ƙara, wanda yanzu ake kira kilika. Shekara 41 ke nan bayan Skinner ya ba da shawarar.

Tatsuniyar kyarkeci

Tsohuwar hanya ba ta mutu cikin sauƙi ba, domin ta samu sabuwar hujja mai kama da kimiyya. A 1947 Rudolf Schenkel ya wallafa nazarin kyarketai da aka tara a gidan ajiye namun daji na Basel a Suwizalan, inda ya ga suna faɗa kan shugabanci. Littafin David Mech na 1970 ya yaɗa wannan hoto. Masu horarwa suka ce tunda kare jikan kyarkeci ne, duk rashin jin magana yunƙurin ƙwace mulki ne, kuma dole mai gida ya nuna shi ne babba, har da kayar da kare a danne shi a ƙasa.

Mech da kansa ya warware wannan a 1999, bayan ya shafe damuna da yawa yana kallon kyarketai a dajinsu a tsibirin Ellesmere na Kanada. Garken kyarkeci a daji iyali ne: uwa da uba da 'ya'yansu. Faɗan da Schenkel ya gani na baƙin juna ne da aka kulle wuri ɗaya. Amma gyara bai cika kamo kuskure a gudu ba. Shirin talabijin na Cesar Millan, da ya fara a 2004, ya sake kai maganar shugaban garke ga miliyoyin masu kallo.

Abin da alƙaluma suka nuna

Daga farkon wannan ƙarni aka fara auna hanyoyin biyu. A 2004 masu bincike a Jami'ar Bristol sun tambayi masu karnuka 364, suka samu cewa yawan amfani da lada yana tafiya tare da ƙarin biyayya, yawan hukunci kuma tare da ƙarin matsalolin ɗabi'a. A 2010 wani bincike a Vienna ta Ostiriya, da ya tattara amsoshi sama da 1,200, ya kwatanta ƙananan karnuka da manya. Ƙananan sun fi rashin jin magana da saurin firgita, amma binciken ya nuna masu su ma sun fi rashin tsayawa a kan doka ɗaya, kuma ba su cika ba su lokacin koyo da wasa ba. An kuma ga cewa a ƙananan karnuka yawan hukunci yana tafiya da ƙarin tsoro.

Irin wannan bincike na tambayoyi yana da rauni, domin mai yiwuwa karen da ya fi fitina ne ke jawo wa kansa hukunci tun farko. Shi ya sa gwaje-gwaje biyu na 2020 suke da muhimmanci. A birnin Porto na Fotugal an bi karnuka 92 daga makarantu bakwai, aka ɗauki hotonsu, aka auna sinadarin damuwa a yawunsu. Waɗanda ake koyarwa da tsanani sun fi nuna alamun damuwa, kuma ko a wajen aji sun fi ɗaukar abin da ba su tabbatar ba a matsayin mara alheri. A Jami'ar Lincoln ta Ingila an raba karnuka 63 masu matsalar ƙin amsa kira, wasu aka koyar da su da abin wuya mai jan lantarki, wasu da lada. Masu lada sun fi amsawa a kira na farko, kuma sun fi sauri. Yankin Wales ya haramta wannan abin wuya tun 2010. A 2021 ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka ta fitar da matsayar cewa a yi amfani da hanyar lada a dukkan horarwa.

Ga Cavalier akwai ƙarin dalili na lafiya. Irin yana yawan fama da wata cuta da ruwa ke taruwa a lakar ƙashin baya kusa da wuya, mai sa zafi ƙwarai, don haka likitoci kan ba da shawarar ɗamarar ƙirji a maimakon abin wuya. Yana kuma yawan ciwon zuciya, wanda ƙiba ke tsanantawa. Saboda haka ladan da ake ba shi a darasi daga cikin abincinsa na yini ake ɗiba.

Lada ko cin hanci?

Sukar da aka fi yi wa wannan hanya ita ce kare zai yi aiki ne kawai idan ya ga abinci. Sukar tana da tushe, domin haka ke faruwa a hannun wanda bai iya ba. Bambancin yana ga tsari. Wanda ya nuna nama kafin kare ya zauna ya ba da cin hanci. Wanda ya fito da shi bayan an zauna ya biya lada. Idan aiki ya zauna sosai, ana rage yawan biya, ana yin sa jefi-jefi, ana kuma sauya shi da abubuwan da kare ke so a rayuwa.

A nan ne matsalar aladun Breland ke samun amsa. Masanin halayya David Premack ya nuna cewa aikin da dabba ta fi so zai iya zama ladan aikin da ba ta cika so ba. Cocker da ya zauna lokacin da tsuntsu ya tashi, ladansa shi ne a sake shi ya ɗauko, ko ya ci gaba da farauta. Sha'awar da masu bulala suka yi ƙoƙarin karyawa ita ce ta zama albashin da ake biyansa. Kuma koyarwa da lada ba sakaci ba ne: ana hana kare samun damar maimaita kuskure, da doguwar igiya ko ƙofa a rufe, har sai ya iya. Har yau akwai masu horar da karnukan farauta, musamman a Amurka, da ke ganin ba za su iya yi ba sai da abin wuya na lantarki, kuma muhawarar ba ta ƙare ba.

Inda ta ƙare shi ne a aikin hanci. 'Yan sanda da jami'an kwastan na Birtaniya suna yawan amfani da sifaniyel wajen neman ƙwaya da abubuwan fashewa, kuma ladan da aka saba ba su ƙwallon wasa ne. A 2004 mujallar likitoci ta Birtaniya ta wallafa gwajin da aka koya wa karnuka shida, da kilika, gane fitsarin masu ciwon dajin mafitsara a cikin samfura bakwai. Sun dace a kashi 41 cikin ɗari, alhali sa'a kaɗai za ta ba da kashi 14, kuma Cocker biyu ne suka fi ƙoƙari. Dalilin da ya sa ba a tilastawa a wannan aiki a fili yake. Mai horarwa ba ya jin warin da karen ke ji, saboda haka ya dogara ne kacokan ga gaskiyar abin da karen ya nuna masa. Karen da ke tsoron kuskure yakan koma kallon fuskar ubangidansa, yana neman amsar da za ta tsirar da shi daga duka, kuma irin wannan amsa ba ta da amfani ga wanda ke neman bam a cikin kaya.